YARO MAI YI WA KARATUNSA HISABI: Labarin Tsarin Dalton Da Abin Da Ya Biyo Bayansa

Akwai wata matsala wadda ta daɗe tana damun malaman makaranta a ƙasashe da yawa, watau al'amarin yaron da ya fita daga ƙuruciya amma bai kai ga hankalin manya ba, ɗan shekara 11 zuwa 14. A Amurka makarantar irin waɗannan yara ita a ke kira midil. Dattawan ƙasar nan sun san wannan suna, gama an yi makarantun midil a lardunan Arewa zamanin Turawa, har marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi koyarwa a ta Bauci, ya kuma shugabance ta. Yau kuwa ƙaramar sakandare ce ta ke karɓar yara masu wannan shekaru, tun da aka shiga tsarin 6-3-3-4 a 1982.

Ga yadda matsalar ta ke. A firamare yaro yana hannun malami guda, wanda ya san ƙarfinsa, ya san rauninsa. Da ya hau gaba sai malamai su yi yawa, kowa da fanninsa, in aka buga ƙararrawa wannan ya fita wancan ya shiga, ba wanda ya ke riƙe da karatun yaron dukansa. Idan yaro bai koyi riƙe karatunsa da kansa ba a wannan lokaci, sai ya zama kamar kayan da aka aza wa jaki ba a ɗaure ba, a na tafiya suna zuba, mai kaya bai sani ba sai an isa kasuwa. Uba ya biya kuɗin makaranta shekara uku, ya sayi littattafai da tufafi, sa'an nan ranar jarrabawa ta nuna babu kome a cikin mangalar.

Cikin waɗanda suka nemi maganin wannan abu, ba wadda labarinta ya kai na wata malama Ba'amurkiya, sunanta Helen Parkhurst, amfani ga mai son fahimta, domin a cikinsa akwai nasara akwai kuma faɗuwa, kowace da dalilinta.

YADDA ABIN YA SOMA

An haife ta a 1886 a jihar Wiskonsin. A 1904, tana 'yar shekara 18, aka ba ta wata makarantar ƙauye mai ɗaki ɗaya tak, da yara kimanin arba'in, ga su kuwa aji takwas ne a haɗe. Malama ɗaya ba ta iya tsayawa gaban aji takwas a sa'a guda. In ta fuskanci ƙanana, manya su yi zaman banza, in ta koma kan manya, ƙanana su ɓarke da wasa. Tilas ta sa ta dabara. Ta raba ɗakin, kowane lungu da fanninsa, nan lissafi, can labarin ƙasa, ta rubuta wa manyan yara aikin da za su yi, ta ce kowa ya je lungun da ya ke bukata ya yi ta aikinsa, wanda ya iya ya taimaki wanda bai iya ba. Ta lura yaran da a da sai an tsaya a kansu sun soma aiki ba mai kora, don kowa ya san abin da ke wuyansa.

Ta riƙe wannan darasi. A 1914 ta tafi birnin Rum ta yi karatu wurin Maria Montessori, shahararriyar malamar ƙananan yara, ta kuma yi mata hidima a Amurka shekaru kaɗan. Bayan haka ta mai da hankali ga yara manya. A 1919 ta gwada tsarinta a wata makarantar yara maza masu naƙasa, ta kuma buɗe tata makaranta a birnin Niyu Yok. A 1920 aka karɓi tsarin a babbar makarantar garin Dalton ta jihar Masacusets, daga nan ya sami sunan da a ke kiransa da shi har yau. A 1922 ta buga littafi ta bayyana shi filla-filla.

SHARUƊƊAN TSARIN

Tushen tsarin shi ne alkawari. A farkon wata a kan ba kowane yaro takarda a kan kowane babban fanni, an rubuta aikin watan nan gaba ɗaya: abin da zai karanta, tambayoyin da zai amsa, da abin da zai rubuta ya kawo. An kasa aikin mako huɗu, kowane mako kwana biyar, watau kashi ashirin, kashi ɗaya daidai da aikin yini guda. Yaro ya duba, ya sa hannu ya karɓa, kamar yadda ɗan kwangila ya ke karɓar aiki. Daga nan ya zama bashi a kansa.

Na biyu, an kawar da ƙararrawar safe. Kowane fanni yana da ɗakinsa, da littattafansa da kayan aikinsa, da malamin fannin zaune a ciki. Yaro shi ke zaɓen ɗakin da zai shiga, shi ke yanka tsawon zamansa. Wanda lissafi ya ke yi wa wuya sai ya daɗe a ɗakin lissafi, ya rage lokacin fannin da ya ke yi masa sauƙi. In ya maƙale ya tambayi ɗan'uwansa, in abin ya gagare su su je wurin malami. Ba a daina koyarwa ga jama'a ba ɗungum, a kan tara yara lokaci lokaci a yi musu bayanin abin da ba ya fahimtuwa sai da baki.

Na uku, shi ne ya fi dacewa da wannan magana, watau takardar lissafi. Kowane yaro yana riƙe da kati mai layuka, in ya gama kashi uku na tarihi, malami ya duba ya yarda, sai ya ja layi ya haura gida uku. Malamin fanni yana da tasa takarda mai nuna inda kowane yaro ya kai, akwai kuma ta ajin duka. Saboda haka da yaro ya dubi katinsa ran goma ga wata zai ga da idonsa layin Turanci ya yi nisa, na lissafi yana nan ƙasa bai motsa ba. Ba sai an gaya masa ba. Akwai kuma sharaɗi mai tsanani: ba a ba yaro aikin wata mai zuwa a ko wane fanni sai ya kammala na wannan wata a dukan fannoni. Da haka aka toshe ƙofar gudun abin da rai ba ya so.

Ɗan kasuwa zai gane hikimar wannan da sauri. Yaron kanti wanda ba a taɓa nuna masa littafin ciniki ba, sai dai a ce miƙo wannan, karɓi wancan, zai shekara goma bai san uwa ba bai san riba ba. Wanda aka damƙa wa 'yan kaya kaɗan, aka ce ranar Juma'a ya kawo lissafi, shi ne za a wayi gari ya buɗe rumfarsa.

YAƊUWA DA KOMA BAYA

Labari ya ƙetare teku nan da nan. A 1920 wata shugabar makarantar 'yan mata a unguwar Streatham ta birnin Landan, Rosa Bassett, ta ɗauki tsarin, malamai suka riƙa zuwa kallo daga ko'ina cikin Ingila. A 1922 aka gwada shi a birnin Shanghai na ƙasar Sin. Ya shiga Japan, ya shiga Holan, ya shiga Tarayyar Sobiyet.

Amma ba a yi shekara ashirin ba sai ya ja da baya a yawancin wuraren nan. Dalilan kuwa a fili su ke. Rubuta alkawarin wata aiki ne mai nauyi, in malami ya yi shi da gaggawa sai ya zama jerin shafuffuka kawai, karanta daga nan zuwa can, babu abin da zai ta da hankalin yaro ga tunani. Duba aikin yara arba'in, kowa a wurinsa dabam, ya fi ƙarfin malamai da yawa. Makarantun da ba su da isassun littattafai ba su iya cika ɗakunan ba. Abin da ya fi duka muni, yaro mai ƙwazo ya yi gaba, rago da mai rauni suka yi ta kwafar aikin abokai don layin katinsu ya haura, kati ya cika, kai babu kome. A Tarayyar Sobiyet an mai da shi aikin ƙungiya, a ba 'yan yara kaɗan aiki tare, ɗaya ya amsa a madadin saura, har hukuma ta ga ilmi yana lalacewa ta soke shi a 1932. Helen Parkhurst ta rasu a 1973. Makarantarta ta Niyu Yok tana nan, a Holan kuma akwai ɗaruruwan makarantu masu bin tsarin, bayan sun gyara shi daidai da halinsu.

Abin lura a nan shi ne, katin Dalton yana auna yawan aikin da yaro ya yi, amma ba ya auna ko ya fahimta. Mai awo ne da ke ƙidaya buhuna bai kwance bakinsu ya ga ko hatsi ne ko ƙaiƙayi ba. Wannan giɓi shi masanan baya suka zo suka yi ƙoƙarin cikewa.

YAUDARAR SABO

Masu binciken yadda zuciya ta ke riƙe karatu sun gano wani abu wanda ya ke bayyana dalilin da ya sa yaro ba ya iya yi wa kansa hukunci daidai sai an koya masa. A 2006 wasu malamai biyu na wata jami'a a birnin Sen Luwis na Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai wani nassi. Kashi ɗaya suka yi ta maimaita karanta shi har zama huɗu. Ɗaya kashin suka karanta a zama ɗaya, sa'an nan aka ɗauke takardar, sau uku suna rubuta abin da suka tuna. Da aka tambaye su, masu maimaita dubawa su ne suka fi sakankancewa za su riƙe. Bayan minti biyar kuwa lalle su ne a gaba. Amma da mako ya zagayo, sun riƙe kashi 40 cikin ɗari, waɗanda suka wahala da tunowa sun riƙe kashi 61.

Ma'anar wannan ita ce ido yana sabawa da shafi, sai zuciya ta ɗauki sabo a matsayin sani. Yaro ba ƙarya ya ke yi ba in ya ce ya iya, shi ma an yaudare shi ne. Daga baya aka kai gwajin cikin wata makarantar midil a garin Kolombiya na jihar Ilinoi, aka riƙa yi wa yara 'yan gajerun tambayoyi waɗanda ba a sa su cikin makin jarrabawa, aka buga sakamako a 2011: abin da aka tambaye su a kai sun fi riƙe shi bisa wanda aka sake karanta musu kawai.

FITILA UKU

A Ingila kuma, wasu shaihunnan malamai biyu na Kwalejin King's ta Landan, Paul Black da Dylan Wiliam, suka tattara bincike kimanin 250 a kan yadda a ke duba aikin yara, suka fitar da bayaninsu a 1998. Daga 1999 suka zauna da malaman lissafi da kimiyya 24 daga makarantun sakandare shida a lardin Oksfod da kuma Medway, suka gwada abin cikin aji na gaskiya.

Daga cikin dabarun da suka fi karɓuwa akwai ta launin fitilar kan titi. In yaro ya gama darasi sai ya sa wa aikinsa alama da kansa: kore in ya fahimta har zai iya bayyana wa wani, rawaya in yana da shakka, ja in bai gane ba. Sai malami ya haɗa masu kore da masu rawaya su warware wa juna, shi kuwa ya tara masu ja ya zauna da su. Mai sa kore don kunya ba ya daɗewa, gama za a ce ya tashi ya yi bayani. Kafin jarrabawa kuma yaro ya bi jerin darussa ya sa wa kowane launi, sa'an nan ya kashe lokacinsa a kan jajayen, maimakon ya yi ta bitar abin da ya riga ya iya don yana yi masa daɗi.

Suka kuma rage yawan ba da maki. Hujjarsu wani bincike ne da Ruth Butler ta buga a 1988 a kan yara 132 a Isra'ila. An ba wasu maki kaɗai, wasu sharhi kaɗai mai nuna abin da za su gyara, wasu kuma maki tare da sharhi. Masu sharhi kaɗai su ne aikinsu ya ƙaru. Waɗanda aka haɗa wa biyun ba su fi masu maki kaɗai ba, domin yaro da ya ga lamba sai ya leƙa ta maƙwabcinsa, ya rufe littafi bai karanta sharhin ba.

Malaman nan sun tarar da sharaɗi guda wanda in babu shi duk sauran banza ne. Yaro ba ya iya auna aikinsa sai ya san kamannin aiki mai kyau. Tilas malami ya nuna masa samfuri, ya ce ga mai kyau ga dalili, ga mai aibi ga dalili. Mai sayen fata wanda bai taɓa riƙe ta ƙwarai a hannunsa ba, ba ya gane mai huji. Wannan ya dace da gargaɗin da wasu masana uku, Kirschner da Sweller da Clark, suka yi a 2006, cewa sakin mai farawa ya nemo ilmi da kansa ba tare da ja-gora ba ba ya haifar da alheri, sai wanda ya riga ya sami tushe shi ke amfana da sakin. Watau 'yanci a karatu a kan ba da shi ne da mudu, a na ƙarawa gwargwadon yadda yaro ya nuna zai iya ɗauka.

ABIN DA MALAMAN ALLO SUKA RIGA SUKA SANI

Alaramma da ya ji wannan labari zai ga ba baƙo ba ne gare shi. A makarantar allo ba a taɓa ɗaure yara arba'in a kan shafi guda ba. Kowa da allonsa, kowa da inda ya kai, wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya yi nisa cikin izu. Ba a wanke allo sai an biya wa malam ya yarda, wannan kuwa shi ne sharaɗin Dalton na hana aikin gaba sai an sauke na baya. Gardi mai harda yana kife allo ya karanta da ka, ya san gwajin gaskiya ke nan, ya kuma rubuta satu daga ƙwaƙwalwarsa ya kai darasu a duba masa wasali da ɗigo. Abin da aka auna a Sen Luwis a 2006 shi ne abin da masu tilawa su ke yi tun kaka da kakanni. Shehu Zarnuji ma, mai littafin Ta'alimul Muta'allimi, ya tsara wa ɗalibi yawan maimaicinsa da kansa: darasin jiya sau biyar, na shekaranjiya sau huɗu, haka a yi ta ragewa har zuwa ɗaya. Hisabin kai kuma babi ne sananne wurin malamai, har aka yi wa Harisu na Bagadaza, wanda ya rasu a 243 bayan Hijira, laƙabi da Muhasibi saboda yawan yi wa ransa lissafi.

Sai dai akwai bambanci wanda ya wajaba a kiyaye. A harda ma'auni a bayyane ya ke, ko dai an kawo aya daidai ko an yi tuntuɓe. A lissafi da kimiyya da tarihi kuwa yaro yana iya kawo kalmomin littafi cif cif, alhali bai san abin da su ke nufi ba. Saboda haka tambayar da zai yi wa kansa ta fi ta harda faɗi. Ba ya tsaya ga ko ya riƙe, sai ya ƙara da ko zai iya faɗinsa da nasa kalmomi, ko zai iya aiki da shi a kan misalin da bai taɓa gani ba, da kuma daidai wace gaɓa ce ta kuɓuce masa. Wannan ya fi kusa da halin makarantar ilmi, inda ɗalibi ya ke yin muɗala'a kafin ya zo gaban malam, ya zo da wurin da ya shige masa duhu a riƙe.

ABIN DA ZA A IYA YI

Aji mai yara saba'in ko tamanin, da littafi ɗaya tsakanin yara da yawa, ba ya ɗaukar tsarin Dalton yadda mai shi ta tsara shi, wanda ya gwada kuwa zai faɗa ramin da na Ingila suka faɗa. Amma ƙananan sassansa ba su bukatar kuɗi. Malami yana iya rubuta aikin mako a kan allon bango ran Litinin, yara su kwafa a bayan littafinsu, kowa ya riƙa sa alama yana tafiya. Yana iya tsai da darasi saura minti biyar, ya ce a rufe littattafai, kowa ya rubuta abu biyu da ya gane da abu ɗaya da ya gagare shi. Takardun nan su za su gaya masa inda zai soma gobe. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada a doki yaro ko a yi masa dariya don ya ce bai gane ba. Ran da aka yi haka, kashegari aji duka zai zama kore, malami ya koma cikin duhu.

Uba kuma yana da rabonsa, ko da bai yi boko ba. Tambayar na nawa ka zo ba ta koya wa yaro kome, sai duban na kusa da shi. In uba ya zaunar da ɗansa bayan magariba, kamar yadda ya ke zama da yaron rumfarsa su yi lissafin yini, ya ce rufe littafin ka gaya mini da Hausa abin da aka koya muku yau, sa'an nan ka nuna mini wurin da ya fi ƙarfinka, to, ya yi masa aikin katin Dalton da na fitila uku gaba ɗaya. Yaron da ya kasa mai da darasi cikin harshen uwarsa ya gano da kansa bai riƙe shi ba tukuna, ya san abin da zai kai wa malami da safe.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Shekarun nan uku na ƙaramar sakandare su ne lokacin da malamai su ke soma sakin hannun yaro, daga nan kuma sakin ƙaruwa ya ke yi, har ran da zai shiga jami'a ko kasuwa inda ba mai tambayarsa ko ya yi bita. Wanda aka koya wa riƙe littafin lissafin karatunsa tun yana ɗan shekara 12 zai tarar da wannan rana a shirye. Haza wasalam.